Saniyar da Baba Direba Ya Yi wa Fakin

Baba Direba bai shiga harkar shanu don yana son shanu ba. Gara in faɗa tun da wuri, kada wani ya ga yadda yake shafa wuyan saniya yanzu ya zaci a cikinsu aka haife shi. Mutumin nan babbar mota ya sani. Tun yana saurayi ya hau sitiyari, bai sauka ba sai da furfura ta cinye masa gemu, kuma ko a lokacin ba da son ransa ba ne. Yanar ido ce ta rufe masa na hagu, likita ya ce in dai yana ƙaunar ransa da na bayin Allah masu bin hanya, to ya haƙura haka nan. Ya miƙa makullin mota, ya naɗe tsohon tampol ɗinsa, ya dawo gida.

Gida kuwa ashe ya daɗe da koyon tafiya ba shi. Da can in ya zo, baƙo ne mai daraja: a gyara masa shimfiɗa, a hana yara hayaniya, ya raba tsaraba, bayan kwana biyu ya ta da mota. Yanzu da ya zo zama, sai ya ga duk inda ya sa ƙafa akwai mai wurin. Yara sun girma sun watse. Kujerar da yake zaton tasa ce, a kanta ake kife bokitan madara su bushe. In ya zauna a ɗaki zafi ya koro shi, in ya fito tsakar gida a ce ɗan matsa Maigida, za a wuce da ruwa. Sai ya koma bakin titi, yana sauraron yadda yaran zamani ke canza giya yana tsaki shi kaɗai, don a wurinsa duk kashe injin suke yi.

Mai gidan ta gaskiya ita ce matarsa, wadda duk layin ke kira Inna Mai Madara. A bayan gidan akwai ɗan fili da ta sa aka kafa wa rumfar kwano, a ƙarƙashinta shanu uku. Da madararsu ta riƙe gida a watannin da mota ke kwance a gareji, da ita ta yi wa yara ɗinki da magani. Safe da yamma take tatsa, mai babur na cibiyar tara madara ya zo ya ɗauki nasa, abin da ya rage maƙwabta su zo da kwanukansu.

Babbar cikinsu baƙa ce mai farin goshi, ana ce mata Ƙasaita, saboda tun da take ba ta taɓa yin gaggawa ba. Ko gobara ake yi, sai ta gama tuƙarta za ta miƙe. A hannun Inna aka haife ta, kuma duk maganar da Inna ta rasa kunnen da za ta faɗa wa a shekarun da mijinta ke hanya, Ƙasaita ce ta ji ta, Inna ta jingina goshi a cikinta tana tatsa tana ƙunƙuni. Sauran biyun shanu ne kawai. Wannan kam, in ka ce mata dabba a gaban Inna, ka ɓata rawarka da tsalle.

To, zaman banza ne ya tura Baba Direba bayan gida. Da farko tsayawa kawai yake yi a bakin rumfa da hannu a baya, yana cewa shi da su ai 'yan sana'a ɗaya ne, shi tuƙi su tuƙa. Inna ta yi dariya ran farko, ran biyu ta yi murmushi, daga nan ta daina ji. Amma mutumin da ya shekara da shekaru yana lura da abin da inji ke ci ba ya iya kallon asara ya yi shiru. Ya ga ana jefa musu karan masara dogo-dogo a ƙasa, su tsinci ganyen, su tattake sauran cikin kashi da fitsari. Ya ga ruwa sau biyu kawai ake kai musu. Ya ce wannan ai tanki ne mai yoyo, ana zuba mai ta sama yana bin ƙasa.

Ana cikin haka cibiyar madara ta kira taro, wai malamar dabbobi za ta yi bayani kan ciyarwa. Inna ta ce ita ina ta ga lokacin zama a benci, shi da ba shi da aikin fari balle na baƙi ya je. Ya sa rigarsa mai kyau ya tafi, yana cewa bari ya ji abin da sa'ar 'yar cikinsa za ta koya masa.

Ai kuwa ya dawo da zafinsa. Washegari ya sa aka tsaga masa tsohuwar ganga gida biyu, ya yi mata ƙafafu, ta zama kwamin abinci. Ya samo gungumen itace da adda, ya zauna yana sassara kara gutsi-gutsi yadda saniya ba ta da zaɓi sai ta cinye. Ya jawo tiyo ya sa ruwa a gabansu dare da rana. Ya bi gonakin bakin gari ya sayo harawar wake tun tana da ganye, ya yi mata rumbu a sama inda rana da ruwa ba su taɓa ta. Ya rataye dutsen gishiri su riƙa lasa. Gefen katanga, inda ruwan wanke-wanke ke bi, ya dasa doguwar ciyawar nan da malama ta raba musu. Dusa kuma ya daina bari a zuba da ka, ya yanke wata tsohuwar galan ta zama ma'auni, kowace saniya a ba ta gwargwadon madarar da take bayarwa.

In za a faɗi gaskiya a faɗe ta duka: aikin ya yi kyau. Madara ta ƙaru har mai babur ya fara zuwa da babbar jarka. Gashin shanun ya kwanta yana sheƙi. Inna da bakinta ta ce ashe tuƙin nan bai cinye masa kai duka ba. Da yamma sai ka gan su su biyu a rumfa, ita tana tatsa, shi yana sara kara yana ba ta labarin garuruwan da ya kwana, da wata gada da ta kusa cinye shi, labaran da a da bai taɓa samun zaman ba ta su ba. Ni dai a ganina duk tsawon aurensu ba su taɓa samun watanni masu daɗin waɗannan ba, kuma shi ya sa abin da ya biyo baya yake ƙona mini rai.

Abin da ya faru a wurin taron nan shi ne, Baba Direba rabin karatu ya ɗauko. Ya ji inda malama ta ce a ba saniya dusa gwargwadon madararta, ya gyaɗa kai, don wannan magana ce da direba zai fahimta. Daidai nan sai kunnensa ya jiyo motar ofishin su malama a waje, direbanta ya bar ta a kunne tana wani ƙara da bai yi masa ba. Ya daure, ya daure, ya kasa. Ya sulale ya fita ya sa yaron mutane ya buɗe masa gaban mota. Yana can yana koyar da gyaran bel ɗin inji, malama tana ciki tana bayani a kan saniya mai ciki wadda aka daina tatsa, da yadda ɗan da ke cikinta yake yin mafi yawan girmansa a watannin ƙarshe. Ya dawo ana tafi.

Saboda haka sauran karatun da kansa ya ƙarasa shi. In dusa gwargwadon madara ce, to wadda ba ta ba da komai fa? Lissafi ai a fili yake. Motar da ke fakin ba ta shan mai.

Lokacin da cikin Ƙasaita ya tsufa aka daina tatsarta don ta huta kafin haihuwa, sai ya zo da galan ɗinsa ya zuba wa biyun, ya tsallake ta. Inna ta zaci mantuwa ce. Da ya yi mata bayani ta saki baki tana kallonsa, sannan ta ce ita ba ta je taro ba, amma ta yi ciki ta haihu ba sau ɗaya ba, kuma ba ta taɓa jin yunwa irin ta watan ƙarshe ba. Ya ce wannan maganar mata ce, shi da ilimi yake aiki, kuma ba da idonta ta ga abin da ilimin ya yi ba? Ta ajiye bokiti.

"To kai, Direba, tun da ka ajiye tuƙi ai a fakin kake. Na taɓa rage maka kwano?"

Ya yi dariya har da buga cinya, ya kai maganar bakin titi ya ba abokan hirarsa su ma suka dara. Amma ji bai ji ba. Inna ta rabu da shi, ta riƙa ɗibar dusa da hannunta tana zuba wa Ƙasaita a gabansa, shi kuma yana ƙunƙunin ana yi masa almubazzaranci. Da a haka aka ci gaba, da ba ni da labarin da zan ba ku.

Sai waya ta zo daga wurin autarsu da ke aure a wani gari mai nisa. An yi mata aiki a asibiti, ga ƙananan yara, ga miji ba ya wuni a gida. Dole Inna ta tafi jinya, kuma ba tafiyar kwana biyu ba ce. Ta nemo wata maƙwabciya da za ta riƙa zuwa tatsa. Ranar tafiya, jaka na hannunta, sai da ta koma rumfa ta shafa goshin Ƙasaita, ta juyo ta ce masa amana ce, rabonta na dusa da harawa safe da yamma, kada ya fasa. Ya ce to. Irin "to" ɗin da direba ke ce wa fasinjan da ya ce a rage gudu.

Ko ƙurar motarta ba ta kwanta ba ya kwance Ƙasaita ya mai da ita turken ƙarshe, can bayan rumbu, inda bakinta ba ya kai wa kwamin sauran. Kara da ruwa, shi ke nan. Harawa da dusa da ɗanyar ciyawa duk na masu aiki ne. Ba mugunta ba ce, wallahi, ko sanda bai taɓa ɗaga mata ba. Yakan share mata wuri, ya kore mata ƙuda. In ya wuce da galan ta miƙo wuya tana kuka ƙasa-ƙasa, sai ya ce mata, ke ranki ya daɗe a fakin kike, in kin hau hanya za ki sha ki ƙoshi. Kuma ciki na ta girma, shi kuwa da ido ɗaya yake kallo, kuma ta gefe. In Inna ta bugo waya ta tambaya, sai ya ce ai Ƙasaita ta yi ɓul-ɓul, ƙofar rumfa ma ta kusa yi mata kaɗan. A ransa ba ƙarya yake yi ba.

An gaya masa fa, kada a ce ba a gaya masa ba. Malama ta biyo ta layin wata rana ta leƙo, ta yaba kwami, ta yaba rumbu, sannan ta tambayi ina baƙar. Da ta gan ta sai fara'arta ta ɗauke. Ta kama hannunsa ta ɗora a ƙashin ƙugun saniyar, ta bi da shi ta kan haƙarƙari, ta ce Baba wannan ba ƙiba ba ce, ciki ne kawai, naman jikinta take ci tana ba ɗan. Ta ce ya fara ba ta harawa yau-yau, da dusa kaɗan-kaɗan yana ƙarawa. Ya ce to 'yata, an gode. Ya kuwa yi, na kwana biyu ko uku. Amma buhun dusa ɗaya ne, da ya raba shi uku sai madarar biyun ta ɗan ja baya, mai babur ya ɗaga jarka ya ce Baba yau kuma lafiya? Wannan 'yar tambayar ce ta kashe maganar malama. Mutumin da ya rasa mota, ya samu jarka ta zame masa abin tinƙaho, ba zai yarda ta sauka a hannunsa ba, balle matarsa ta dawo ta tarar an yi ƙasa. Ya ce a ransa saura ƙiris ta haihu, in ta haihu sai a cika mata tanki.

Inna ta dawo da hantsi, ta rame ita ma don jinya. Ko ɗaki ba ta shiga ba, da jakarta ta zarce bayan gida. Yana biye da ita yana ba ta labarin jarka. Ta wuce shanu biyun ba ta kalle su ba, ta zagaya bayan rumbu, ta tsaya. Ƙasaita ta ɗago kai da ƙyar ta yi mata wannan kukan. Idanunta sun faɗa, gashin bayanta ya tashi ya yi ja, ƙashin ƙugu kamar ka rataya riga. Inna ta saki jakar a cikin kashin shanu, ta ɗora tafin hannu a bayan saniyar, ta daɗe a haka. Shi kuwa sai ya fara jawo bayani, yana cewa ai da ma haka masu ciki suke. Ba ta ko juyo ba.

Ta ciko kwano fal da dusa za ta zuba, ya ce a dai tambayi malama tukuna, wannan karon shi ne mai cewa a tambaya. Malama ta ce a waya kada su kuskura, cikin da ya daɗe bai ga dusa ba in aka ɗura masa lokaci ɗaya wata cutar za a jawo, a bi a hankali. A hankali kuwa, alhali haihuwa ta zo bakin ƙofa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Bayan 'yan kwanaki naƙuda ta kama ta da safe. Ta daɗe tana yi, tana yunƙuri tana hutawa, har sai da Inna ta sa hannu ta taimaka aka jawo. Maraƙa ce, baƙa, kyakkyawa, ba abin da ya same ta. Duk abin da ke jikin uwar ta kwashe ta fito da shi. Ƙasaita ta juyo da kai ta lashe ta a kwance. Sannan ta tattara ƙafafu za ta miƙe yadda saniya ke yi, ta baya tukuna, bayan ya ɗaga kamar taƙi ɗaya ya koma. Ta sake, ya koma. Baba Direba ya ce gajiya ce, a ba ta lokaci, ai da ma ita ba mai gaggawa ba ce. Ba wanda ya taya shi dariya.

Malama ta zo da jakarta kafin azahar. Ta sa mata ruwa ta jijiyar wuya, kwalba bayan kwalba, ta yi mata allurai, ta sa aka tatsi dakashi, nonon farko, a kwance aka ba maraƙar. Baba Direba na riƙe da kwalbar ruwan a sama, bakinsa kuma bai huta ba. Yana ta faɗa mata yadda ya yi lissafinsa, da maganar fakin, kamar in ta gane hujjarsa saniyar za ta tashi. Malama yarinya ce mai ladabi, ta bari har ya gama.

"Baba, ba a fakin take ba. Lodi ne a bayanta, kuma tudu take hawa. A nan ka hana ta mai."

Da da wani yare ta faɗa masa, da ya samu hanyar zillewa. Amma wannan ya san shi. Ya taɓa gani da idonsa, lokacin yana da biyu, abin da ke faruwa da babbar mota mai kaya in ta mutu a tsakiyar hawa. Ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, ga tsoro, don sai a lokacin ya yarda cewa saniyar nan tana iya tafiya, kuma shi ne sila.

Malama ta ce akwai sauran fata in an hana ta kwanciya a gefe ɗaya, don nauyinta zai kashe mata ƙafafu. Nan fa Baba Direba ya tashi haiƙan. Ya je garejin wani tsohon abokinsa ya aro sarƙar ɗaga inji. Ya kafa ƙarafa uku a kan saniyar, ya ɗauko tampol ɗinsa ya huda shi wurin ƙafafu da hantsa, aka zura mata ta ƙarƙashin ciki. Safe da rana da yamma yana jan sarƙa, ƙarar-ƙarar, har ta ɗagu ƙafafunta su taɓa ƙasa, Inna na murza mata cinyoyi da ruwan ɗumi tana yi mata magana a kunne. In sun sauke ta su juya ta ɗaya gefen, su canza mata shimfiɗar ciyawa. Ya tsinko mata ganyen harawa mafi laushi yana miƙa mata a baki da hannunsa, mutumin da ya yi wata da watanni yana wuce ta da galan. Takan ɗan karɓa ta riƙe a baki. Tafin hannunsa ya ɗaye, bayansa ya riƙe, bai ce wayyo ba, kuma Inna ba ta ce masa sannu ba. Aiki suke yi kafaɗa da kafaɗa, maganarsu ba ta wuce ja, sassauta, riƙe nan.

Akwai ranar da ta taka ƙasa da ƙafafun gaba har sarƙa ta yi sako-sako, ya yi kabbara, ya ce ta tashi. Ba ta tashi ba. Daga ranar ma sai baya. Ta daina tuƙa, fatar ƙugunta ta fara salewa, in an ɗaga ta sai ta saki jiki a tampol kamar wanki. Malama ta dawo ta duba, ta ja Inna gefe suka yi magana ƙasa-ƙasa. Shi yana tsugune yana gyara ƙugiya, yana cewa gobe zai ƙara tsawon ƙarafan, wataƙila tsayin ne bai isa ba. Inna ta zo ta tsaya a kansa.

"Maigida, sauke ta. Wahalar ta isa. Je ka kira mahauci tun da sauran numfashi."

Ya so ya yi gardama, ya ɗaga kai ya ga fuskarta, ya fasa.

Mahauci ya zo da yamma da 'yar akori-kura. Layin bayan gidan matsattse ne, ga kwata a gefe ɗaya, ga katanga a ɗaya, kuma dole sai da ribas za a shiga a kai bakin rumfa, tunda saniyar ba ta takawa. Direban mahaucin ya gwada ya gwada, sau ɗaya ya gogi katanga, sau ɗaya taya ta kusa faɗawa kwata, ya fito ya ce shi kam ba zai iya ba. Mutanen layi da suka taru suka juyo gaba ɗaya suna kallon mutum ɗaya. Me zai ce? Ya goge hannu a riga, ya shiga, ya gyara madubi. Tafiya ɗaya ya yi, ko gyara bai yi ba, ya kawo bayan motar daidai inda Ƙasaita ke kwance, ya ja birki. Wani marar hankali a cikin taron har da cewa kai, tsohon hannu dai tsohon hannu ne. Baba Direba bai fito nan da nan ba, ya zauna riƙe da sitiyari, hawaye na zuba ta idon mai gani da marar ganin duka. Da sarƙarsa da tampol ɗinsa aka ɗora ta.

Inna ba ta tsaya kallo ba. Tun da mota ta shigo layi ta shige ɗaki ta turo ƙofa.

Ya yi zaton za ta yi faɗa, har ya shirya wuyansa, yana ma fatan ta yi. Ba ta yi ba. Washegari ta dafa abinci ta ajiye masa kamar kullum, ta wanke bokitai ta kife. Lokacin tatsa ya yi, ya ji shiru, ya leƙa ya ce shanu fa na jira. Ta ce yatsunta sun fara ciwo, ya kira maƙwabciyar nan ta ci gaba, ko shi ya koya. Ya ɗauka fushin kwana biyu ne. Ya ba ta haƙuri a tsaye, ya ba ta a zaune, ya turo ƙaninta ya ba ta. Kowane lokaci sai ta ce ai ya wuce, Allah ya riga ya ƙaddara, ita ba ta riƙe shi da komai ba. Kuma ba ta fasa masa komai na hakkin aure da zaman gida ba. Ƙafarta ce dai ba ta ƙara taka bayan gidan nan ba. Ko shanya za ta yi, sai ta ɗaura igiya a tsakar gida.

Haka Baba Direba ya gaji rumfa sukutum, shi da ya shigo ta don ya rasa wurin zama. Ya koyi tatsa da tsufansa, shanu na harbinsa. Ya shayar da maraƙar da kwalba har ta kama cin ciyawa. Bai ƙara fashin taro ba, a bencin gaba yake zama, ko motar wa ke ƙara a waje. Yanzu in an daina tatsar saniya, ita yake fara zuba wa harawa kafin kowa. Har ta kai malama na kawo masu kiwo daga wasu unguwanni su ga rumfarsa, ta ce ya yi musu bayani da bakinsa. Yakan yi, ba ya ɓoye komai, ya nuna musu turken bayan rumbu ya ce a nan ya kashe saniyar matarsa da lissafi. Su yi dariya don yadda yake faɗa, shi ba ya yi.

Maraƙar ta girma ta zama karsana, ta ɗauki ciki, ya yi ta kiwonta kamar ƙwai a cokali. Ranar da ta haihu, da sanyin safiya, ko taimako ba ta nema ba. Ta sauke ɗanta, ta juya, ta tattara ƙafafu ta miƙe tsaf, ta hau lasarsa, hantsa cike har tana ɗiga. Baba Direba ya manta da ciwon gwiwa, ya taho tsakar gida da sauri, hannu duk majina. Inna na zaune a bakin ƙofar ɗaki tana gyaran kayan miya a faranti.

"Ta haihu, ta tashi da kanta. Taso ki gani, don Allah. Ko daga bakin rumfa ne."

Ta ɗago ta dube shi, ba fushi a fuskarta ko kaɗan, da ma fushin ne da sauƙi.

"Madalla. Allah ya raya. Sannu da ƙoƙari, Maigida."

Ta mai da kai kan farantinta. Ya ɗan tsaya ko za ta ƙara wani abu, sannan ya ɗauki bokiti daga kan kujera ya koma bayan gida shi kaɗai.